Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Kula da Gidajen Tarihinmu: A Ba Raha Ɗaki

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gidajen adana kayan tarihi da hukumomin raya al'adu na ƙasar Hausa, a Najeriya da Nijar.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina jinjina muku a kan aikin da kuke yi cikin ƙarancin kuɗi da ƙarancin masu cewa sannu. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami: ku ware wa raha ɗaki. Ɗaki sosai nake nufi, mai ƙofa da suna a rubuce da ma'aikacin da ke kula da shi, inda za a tara abin da kakanninmu suka yi dariya da shi, da mutanen da suka sa su dariyar.

Duk wanda ya saba shiga gidajen tarihinmu ya san abin da ya fi cika su. Takubba da masu da garkuwa, sulke da lifidi, alkyabba da rawani, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan saƙa da jima da ƙira, sai hotunan sarakuna da na Turawan mulki, kowa ya ɗaure fuska. Babu wanda bai cancanci wurinsa ba a cikinsu. Sai dai yaron da aka kawo daga makaranta ya zaga ya fita, abin da zai tafi da shi gida shi ne kakanninsa ba su da wani aiki sai yaƙi da sarauta da neman na tuwo, kuma a cikinsu ba a taɓa samun wanda ya tuntsire da dariya ba. Wannan kuwa ƙazafi ne ga mutanen da suka ƙago Gizo da Ƙoƙi, suka ba maƙi-gudu layar zana, suka naɗa wa gwagware sarki.

Ku ba ni dama in fara da nesa, domin a gane ba mu kaɗai abin ya shafa ba.

A yammacin kogin Nilu, daura da birnin Luksor na Masar, akwai kufan wani ƙauye da yanzu ake kira Dairul Madina. Nan ne masu sassaƙa da masu zane da suka haƙa kaburburan Fir'aunoni suka zauna da iyalansu na tsawon shekaru fiye da 400. Aikinsu na rana ba ya karɓar wasa ko kaɗan: kowane hoto da ƙa'idarsa, girman sarki daban, na bawa daban, babu mai ƙarawa babu mai ragewa. To amma in sun tashi aiki, sai su ɗauki ɓaraguzan farin dutse da fasassun tukwane, tunda takardar lokacin tana da tsada, su zana abin da ransu ke so. Ɗaya daga cikin irin waɗannan duwatsu yana gidan tarihi na Brooklyn a Amurka, bai wuce a riƙe shi a hannu ɗaya ba. Ɓera ne ƙosasshe, ya sha ado irin na manya, ya hakimce a kan kujera. A gabansa ga kyanwa tsaye a kan ƙafafunta na baya, da mafici a hannu, tana miƙa masa gasasshen tsuntsu cikin ladabi. A gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan kuma akwai wata tsohuwar takarda ta zamanin, zaki da barewa sun zauna suna buga wani wasa mai kama da dara, kyanwa na kiwon agwagi, kura na bin garken awaki da sanda a matsayin makiyayi. Bahaushen da ya san maganar ba kura ajiyar nama ba sai an yi masa bayanin wannan hoto ba, ko da yake an zana shi fiye da shekaru 3000 da suka wuce.

Su dai waɗannan ma'aikata, a shekara ta 29 ta mulkin Fir'auna Ramsis na Uku, an yi jinkirin ba su hatsin da ake biyansu da shi, suka ajiye kayan aiki suka tafi suka zauna a bakin gidajen bauta. Shi ne yajin aiki mafi tsufa da aka samu labarinsa a rubuce. Ba zan ce hoton ɓera da kyanwa shi ya haifi yajin ba. Abin da zan ce shi ne, bangon kabari yana gaya mana yadda Fir'auna yake so a gan shi, guntun dutsen nan kuwa yana gaya mana abin da ke yawo a kan ma'aikacin da cikinsa ke kukan yunwa. Kuma ku lura da yadda aka yi muka samu duwatsun nan. Ba wanda ya adana su. Zubar da su aka yi, dubbai daga ciki a wani ƙaton rami da ya zama juji, sai busasshiyar ƙasar Masar ta riƙe su har masu tone-tone na Faransa ƙarƙashin Bernard Bruyère suka fito da su a ƙarnin da ya wuce. Mu namu barkwancin ba a kan dutse yake ba. A baki yake, da motsin jiki, da auduga da tsumma. In aka zubar da shi, babu jujin da zai ajiye mana.

A ƙasar Japan kuwa da gangan aka adana. Wani gidan bauta na mabiya addinin Buddha da ke kusa da Kiyoto, mai suna Kozanji, ya riƙe wasu naɗaɗɗun takardu da aka zana a ƙarni na 12 da na 13. Ta farkonsu ta kai tsawon mita 11, baƙar tawada ce zalla, babu rubutu ko ɗaya. Zomaye da birai suna wanka a rafi, ana gasar harbi da baka, kwaɗo ya kama zomo da kokawa ya yi sama da shi ya nana da ƙasa, 'yan'uwansa kwaɗi sun riƙe ciki don dariya. Can gaba ga biri ya yafa mayafin malamin addininsu, ya duƙufa yana karanto addu'a a gaban wani kwaɗo da ya harɗe a mazaunin abin bautarsu. Wato su masu gidan ne ake zolaya, amma su ne suka ɓoye takardar daga wuta da yaƙi tsawon ɗaruruwan shekaru. Yau gwamnatin Japan ta sa ta cikin taskokin ƙasa.

'Yan'uwana na Yamai, ku wannan kwaɗo ba baƙonku ba ne. Marigayi Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, ya yi wani ɗan gajeren fim na zane a 1966 mai suna Bon Voyage Sim, inda kwaɗo ne shugaban ƙasa, ya tafi ziyarar aiki ƙasar maƙwabta, aka tarbe shi da faretin sojan kwaɗi da duk wani tsarabe-tsarabe na manya. Shekara shida ke nan kacal da samun 'yancin kai, ana tsakiyar ɗokin tuta da jerin gwanon motoci. Daga baya ya yi Kokoa, kwaɗi da sauran ƙananan halittu a filin kokawa irin tamu, da makaɗa da alƙalin wasa. Mutumin nan a Tawa ya yi zamansa. A 2017 babban gidan zane-zanen zamani na birnin New York ya shirya nunin finafinansa. Ina fata yaron da ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ko na Damagaram, zai iya zama ya kalli kwaɗin nan a duk ranar da ya je, ba sai ranar wani biki ba.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma a cikin al'ummar nan nake. Za a ce gidan tarihi wurin mutunci ne, mu Musulmi ne, wasa kuwa shiririta ce. To bari mu shiga zaure. Tun zamanin da, almajirin da ya yi nisa a karatun lugga a Kano ko Zariya ko Sakkwato yakan kai ga Maƙamatul Hariri. Marubucinsa mutumin Basra ne, ya rasu a 1122. Maƙama 50 ne, wato gajerun labarai, kuma gwarzonsu duka, Abu Zaidin Saruji, ɗan damfara ne mai zaƙin baki. A maƙama ta farko ma, ya tsaya a San'a ya yi wa'azin gudun duniya har jama'a suka zubar da hawaye suka tara masa kuɗi, mai ba da labari ya bi shi a ɓoye, ya iske shi a cikin kogo da farin burodi da gasasshen ɗan akuya da tulun abin sha a gabansa. Wata rana makaho ne, wata rana tsohuwa, wata rana ya jawo ɗansa gaban alƙali da rigimar ƙarya don su raba abin da alƙalin zai bayar na tausayi. Malamanmu sun karantar da wannan littafi da rawani a kansu, suna murmushi, ba wanda ya ce mutuncinsu ya zube. A 1237 wani gwanin Bagadaza, Yahaya al-Wasiɗi, ya kwafe littafin da hannunsa ya ƙawata shi da hotuna, ga Abu Zaid nan da farin gemu da idon da bai yarda da kowa ba. Kwafin yana babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris, kuma duk mai rubuta tarihin zanen Larabawa sai ya bi ta kansa.

Kafin Hariri, Jahiz ya rubuta littafi guda a kan marowata. Bayansa kuma Ibnul Jauzi, babban mai wa'azin Bagadaza da ya rasu a 1201, wanda ba a san shi da sassauci ba, ya tara labaran wawaye da gafalallu a littafi, har da babi a kan masu karatu da limamai da alƙalai. Sama da duka, ga abin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: wani ya roƙi Manzon Allah (SAW) abin hawa, ya ce masa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya ce me zai yi da ɗan taguwa, sai aka tuna masa cewa kowane raƙumi ai taguwa ce ta haife shi. Iyaka ma a bayyane take. Akwai hadisin da ya yi narko ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya, ga kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurati da ta hana izgili. Addini ya shata wa raha fili ne, bai rufe filin ba. Batun zanen abu mai rai na bar wa malamai. Mafi yawan abin da nake roƙonku ma murya ce da kaya da labari.

Yanzu mu dawo gida, inda kayan suke jibge.

Ɗan kama shi ne na fara tunawa. Zai shigo kasuwa ko gidan biki da 'yar gangarsa, ya gyara zama irin na malami, ya yi gyaran murya, ya ja karatu da karin da kowa ya sani daga zaure, wani na amsa masa kamar mai jan baƙi. Sai ka kasa kunne ka ji babin da aka buɗe na tuwo ne. A kawo sharuɗɗan miya da abubuwan da ke ɓata ta, a yi saɓani a kan fura, a yanke hukunci a kan wanda ya ga nama ya kau da kai, duk cikin Larabcin da babu shi a kowane ƙamus. Malamai na wurin, su ne kan gaba wajen dariya, domin su ne suka fi kowa gane inda aka murɗe. Wannan fasaha ce mai wuya. Sai wanda ya san karin karatu da tsarin littattafan fiƙihu zai iya juya su haka. Wani Bature mai suna Gidley ya rubuta bayani a kan 'yankamanci a wata mujallar jami'ar Landan tun 1967. Abin kunya ne a ce jikan ɗan kama sai ya iya Turanci ya kuma samu shiga ɗakin karatun wata ƙasa kafin ya san sana'ar kakansa.

Sai wasan gauta, wanda ni a ganina ya fi kowanne ban mamaki. Matan fada ne ke yinsa. Wannan ta zama sarki, waccan waziri, ga galadima, ga alƙali, ga dogarai, a sha rawuna da manyan riguna a yi zaman fada a gaban masu fadar. A kwaikwayi tafiyar kowa da tarinsa da yadda yake karkata hula. In akwai hakimin da ya cika kwaɗayi, ko alƙalin da hannunsa ya saba da karɓa, ko wata ɗabi'a ta shi kansa sarkin da ba mai iya tunkararsa da ita, a ranar za ta fito fili, kowa ya gani, ba a kuma kama kowa. Dubi dai mutanen da ba su da ta cewa a sauran kwanakin shekara, su ne aka ba wannan dama. A ƙauye kuma bayan kaka samari na yin kalankuwa, su naɗa nasu sarki da alƙali da 'yan doka, su yi mulkin 'yan kwanaki. Ga wawan sarki, wanda shi kaɗai ke faɗar abin da ya ga dama a gaban mai gari ya tashi lafiya. In kuna nuna wa baƙi karagar mulki, ku nuna musu cewa tsarin da ya kafa karagar shi ne ya tanadi wanda zai tsaya kusa da ita yana yi mata dariya. Ba ƙaramar hikimar siyasa ba ce, kuma tamu ce.

Tashe kowa ya san shi, shi ya sa ba a ɗauke shi abin adanawa ba. Azumi na kai goma, bayan an sha ruwa, yara su fito. Wannan ya manna gemun auduga ya ɗauki sanda yana tafiyar tsoho, wancan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ga Jatau mai magani da tarkacen saiwoyinsa yana lissafo cututtuka, 'yan mata na nasu da ƙwarya suna koya wa juna zaman aure cikin waƙa. A Kano ga Nalako da jama'arsa suna farautar gwagware, a sa wa mutum igiya a zaga gari da shi. Yaran yanzu sun ƙara da kwaikwayon gwamnoni da 'yan siyasa da malaman da suka yi suna, wani lokaci kamannin har ya fi mai shi. Kayan tashe ba sa kwana biyu. Da an yi salla auduga ta koma katifa. A 'yan shekarun nan kuma 'yan sandan Kano sun sha sanar da dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Ba na ganin laifinsu, rai ya fi wasa. Amma al'adar da ake koya daga yaya zuwa ƙane, in ta yi 'yan shekaru ba a yi ba, layin ya tsinke ke nan. Nan ne aikinku ya shigo: farfajiyar gidan tarihi wuri ne mai katanga da mai gadi, me zai hana a buɗe ta a dararen azumi yaran unguwanni su zo su yi a naɗa?

Wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, maƙera da Buzaye, jika da kaka, taubashi da taubashiya da kuɗin sharar da ake bi a watan cika-ciki, wannan Nijar ta riga ta kai shi gaban hukumar UNESCO, aka sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Madalla. Saura a ji shi a cikin gini, da muryoyin masu yinsa. Kuma kada ɗakin ya zama mu kaɗai ke yi wa mutane dariya. Masu wasan dodanni na yawo a ƙasar Yarbawa suna da fuskokin katako na baƙi: Bature mai dogon hanci, Banufe, da Bahaushe da suke kira Gambari. Ku aro ɗaya daga takwarorinku na kudu ku kafa mana, mu ga yadda muke a idon maƙwabci.

Akwai wani dalili da ya sa ku ne ya kamata ku yi wannan aiki ba wasu ba. Mai ba da dariya da mai mulki ba su cika shan inuwa ɗaya ba. A ƙarshen 1831 wani matashi Bafaranshe, Honoré Daumier, ya zana sarkinsu Louis-Philippe da ƙaton tumbi a kan kujera, an jingina katako daga ƙasa zuwa bakinsa, 'yan kanzagi na hawa da buhunan kuɗin da aka tatsa daga talakawa suna zuba masa, ta ƙarƙashin kujerar kuma takardun muƙamai da lambobin girma na zubowa, manya na wawaso. A 1832 aka ɗaure shi wata 6. Yau 'yan gumakan yumɓu 36 da ya ƙera na 'yan majalisa da manyan zamanin, kowa da hancinsa da kumatunsa yadda ya ga dama ya mayar da su, suna gidan tarihi na Orsay a Paris, hukuma ce ke gadinsu. Yawancin mutanen nan ba mai tuna su sai don ya zolaye su.

Mu ma muna da namu. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata 2. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Ban zo yi wa shari'a sharhi ba, ba kuma kowane mai riƙe waya ne Daumier ba; da yawa zagi ne kawai ba gishiri. Amma gidan tarihi ba kotu ba ne, ba hukumar tace finafinai ba ne. Ku aikinku ku ɗauka ku ajiye, ku rubuta rana da wuri da dalili, ku bar wa jikoki su yi nasu hukuncin. Ibro ya rasu a 2014, Ƙasimu Yero a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023, Karkuzu a 2025. Hular wani da kakin wani da sandar wani suna hannun iyalai. Wasanninsu na farko a kan kaset-kaset aka naɗe su, irin waɗanda zafi da ƙura ke cinyewa a hankali ko ba a taɓa su ba.

Ba tsohon kaya kaɗai za a sa a ɗakin ba, ana iya sa a yi sabo. A 1559 wani mai zane na ƙasar da yanzu ta rabu tsakanin Beljiyam da Holan, Pieter Bruegel, ya zana ƙauye guda ya cika shi da karin maganar mutanensa fiye da 100, kowanne ana aikata shi a zahiri. Ga mai buga kansa da bango, ga mai rataya wa kyanwa ƙararrawa, ga mai cike rijiya bayan maraƙi ya riga ya faɗa ya mutu, wani na askin tunkiya maƙwabcinsa na askin alade. Hoton yana Berlin. A shekarar da ta biyo ya zana yara fiye da 200 suna wasanni kusan 80 a dandali ɗaya, wannan yana Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma masu bincike har yau daga nan suke gane wasannin yaran wancan ƙarni. Muna da sashen koyar da zane a Zariya tun kafin 'yancin kai, muna da masu zanen jikin manyan motoci da allunan shagunan aski. Ku ba su bango ɗaya. A zana mana wanda ya saki reshe ya kama ganye, da mai ɗaukar Dala ba gammo, da mai wanka da gari yana jiran yunwa ta tafi, da mahayan da suka iso suna ihu bayan hari. A ɗaya bangon a zuba langa da carafke da ɗan akuyana da a-sha-ruwan-tsuntsaye da dokin kara da motar langalanga. Za ku ga yadda malamin Hausa zai riƙa kawo ajinsa ba tare da an aika masa takarda ba.

Kada a ɗauka duk abin da Turawa suka kira fasaha nake so a kwaso. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wasu matasa da suka gudu zuwa Zurik ta ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar Dada. Wani ya sa rigar kwali ya hau dandamali yana rera kalmomin da ba su da ma'ana. Hujjarsu ita ce, in masu hankali da digiri su ne suka tura miliyoyin samari ramuka suna mutuwa, to gara shirme. Wannan na fahimce shi, shirme ne mai ciwo a ciki. A 1917 Marcel Duchamp ya sayi tangaran ɗin fitsari ya sa masa hannu da sunan bogi ya aika wurin nunin zane a New York don ya gwada masu cewa za su karɓi komai. Ba su nuna shi ba, ainihin abin ya ɓace, hoto ɗaya da aka ɗauka ne ya tsirar da labarin. Amma ayabar da aka manna a bango da salatif a 2019, aka sayar da ita dala miliyan 6 da ɗoriya a 2024, mai sayen ya ɓare ya cinye a gaban 'yan jarida, wannan raha ce ta masu kuɗi a tsakaninsu. Kowane ɗan kama ya fi ta aiki.

Abu biyu zan roƙa a kiyaye. Na farko, raha ba ta zama a cikin gilashi. In kuka rataye gemun auduga kuka rubuta masa dogon Turanci a ƙasa, kun kashe shi. Sai an ji murya, an ga motsi, an ji dariyar 'yan kallo da mai tsoma baki daga gefe. A naɗa a inda ake yi, a rubuta sunan mai wasan da garinsu da wanda ya koya masa, a kuma biya shi, domin sana'arsa ce. Na biyu, kada a wanke abin har ya fita daga kamanninsa. Tsohuwar raharmu tana da ƙaya. An yi wa kutare da makafi da masu in'ina dariya, Macukule na tashe Bagwari yake kwaikwaya, wasu wasannin barkwancin kuma tushensu waye bawan wane. A nuna su yadda suke, a yi bayani da Hausa mai sauƙi, a bar yaro ya tambayi malaminsa dalili. Wanda ya san abin da kakansa ya yi wa dariya ya fi sanin kakan nasa, da kyansa da muninsa.

Na san kasafin kuɗinku. Wannan aiki farkonsa bai wuce waya mai kyau da littafin rubutu da kuɗin mota da ɗan abin goro ba, sai ma'aikaci ɗaya da ba ya jin kunyar zama a kan tabarma. Sassan Hausa na jami'o'inmu cike suke da kundayen ɗalibai a kan tashe da kalankuwa da wasannin dandali, ku nemi haɗin kansu. Ku fara da 'yan kama da tsofaffin matan fada da suka taɓa yin wasan gauta, domin su ne suka fi ƙaranci, su ne kuma suka fi tsufa. Tashe yana iya jiran goma ga azumi mai zuwa.

Allah ya taimake ku, ya ƙara muku haƙuri da mu.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, daga Zariya